Nungawa, Masu Baƙar Riga na Bakin Iyakar Sin da Biyetnam



Sana'ata rubuta sunaye. Shekara da shekaru ke nan ina riƙe wa dattijonmu, Sarkin Zango, alƙalami. In an yi haihuwa in rubuta, in an ɗaura aure in rubuta, in an yi rasuwa in ja layi. In kuma hukuma ta nemi shaidar cewa wane ɗan wane ne, a nan aka yanke cibiyarsa, ni ne mai tsara takardar da Maigida zai sa wa hannu. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san mutum yana da suna biyu: wanda aka raɗa masa ran suna, da wanda ma'aikacin gwamnati ya ga damar rubutawa, kuma ba kullum biyun suke haɗuwa ba. Shi ya sa da karance-karance suka kai ni ga wata al'umma da ake kira Nung, can a gabashin duniya, na kasa wuce su. Addini bai haɗa mu ba, fatauci bai haɗa mu ba, ko goro ba su ci. Amma abin da alƙaluman hukumomi suka yi da sunansu cikin shekara dubu, duk mazaunin zango zai ji shi a jikinsa. Zan kira su Nungawa, yadda bakinmu ya saba.

Ƙasarsu tana arewa maso gabashin Biyetnam, inda ta yi iyaka da lardunan Guangxi da Yunnan na ƙasar Sin. Wuri ne na tsaunuka masu tsini, tsaye ɗaya-ɗaya kamar jerin rumbuna, ga ƙoramu suna ratsawa ta ƙarƙashinsu, ga 'yan kwaruruka ƙanana inda ake noman shinkafa da ɓaunar gida mai jan garma. Ƙidayar da Biyetnam ta yi a 2019 ta ce su 1,083,298 ne, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 96. A lardin Lang Son su ne suka fi kowa yawa, sun wuce kashi 40 cikin ɗari, a lardin Cao Bang kuwa sun kusa kashi 30. Harshensu daga dangin harsunan Tai yake, wato ɗan'uwan harshen mutanen Tailan da na Lawos ne. Da harshen Kinh, masu rinjaye a Biyetnam, maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su.

To, ga inda alƙalami ya fara aikinsa. Ka tsallaka iyaka ka shiga Sin, ka buɗe kundin ƙabilun ƙasar, ba za ka ga Nung a ciki ba. A ƙidayar 1953 mutanen Sin sun ba da sunayen ƙabilu fiye da 400, hukuma ta yi ta tankaɗe da rairaya har ta tsaya a kan 56. A cikin wannan tankaɗe aka zuba Nungawa da danginsu a ƙarƙashin suna ɗaya, Zhuang, waɗanda a ƙidayar 2020 suka haura miliyan 19, su ne kuma mafi yawa a cikin ƙananan ƙabilun Sin. Biyetnam kuwa, a jerin ƙabilu 54 da ta tabbatar a 1979, sai ta rubuta Nung daban, ta rubuta 'yan'uwansu Tay daban, alhali a kasuwa suna ciniki da juna ba tafinta. Ɗaya ta haɗa, ɗaya ta raba. Sai ka tarar da mutum da ɗan baffansa, kabarin kakansu ɗaya, wannan takardarsa ta ce Zhuang, wancan tasa ta ce Nung.

Sunan kansa tsoho ne, masana da yawa kuma suna danganta shi da wani gidan sarauta mai suna Nong, wanda ya yi ƙarfi a waɗannan tsaunuka a ƙarni na 11 na Miladiyya, wato ƙarni na biyar bayan Hijira, zamanin da masu lissafin tarihin Kano suke cewa Bagauda yana mulki. Ƙasar tana da zinariya, wannan kuwa shi ne arzikinta, shi ne kuma masifarta. A arewa ga daular Song ta Sin, a kudu ga daular Ly ta Biyetnam wadda ba ta daɗe da kafuwa ba, gaba kura baya siyaki. Wani shugabansu, Nong Quanfu, ya yi shelar kafa masarautar kansa. A 1039 sarkin Ly, Ly Thai Tong, ya hau da runduna da kansa, ya kama shi, ya kai shi babban birni inda Hanoi take a yau, aka kashe shi. Matarsa A Nong ta tsere da ɗansu Nong Zhigao, yaro ɗan shekara 14.

Yaron nan shi ne gwarzon da har yau ba a daina ambatonsa a tsaunukan ba. A 1041 shi da uwarsa suka sake kafa mulki, aka kama shi, sarkin Ly ya yi masa afuwa ya mayar masa da ƙasar ubansa, daga baya har da muƙami da hatimi. Bai zauna ba, a 1048 ya sake tayarwa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarinsa wasiƙunsa ne. Ya yi ta aika wa fadar Song da saƙo, da kyautar zinariya da horarrun giwaye, yana roƙon abu ɗaya: a ba shi muƙami, a rubuta shi cikin hakiman daular, ya san yana da uban gida. Fadar Song ta yi ta mayar da shi, don ba ta son ɓata wa sarkin Ly rai a kan wani shugaban mutanen dutse. Ni da na sha rubuta takardar neman a san da zamanmu, na kuma sha jiran amsar da ba ta zo ba, na san irin zafin da wannan shiru yake haifarwa. A 1052 ya gangara ta kogi da mayaƙa wajen dubu biyar, ya ci birnin Yongzhou, wanda a yau ake kira Nanning, ya naɗa kansa sarkin wata daula da ya sa wa suna Babbar Kudu. Ya zarce har Guangzhou ya yi mata ƙawanya kwana 57 bai samu shiga ba. A farkon 1053 babban kwamandan Song, Di Qing, ya zo da dawakai ya fasa rundunarsa kusa da mashigin Kunlun. Ya gudu zuwa masarautar Dali a Yunnan, marubuta tarihi kuma sun saɓa a kan yadda ya ƙare. Uwarsa dai an kama ta, aka kashe ta a 1055.

Littattafan fadar Sin sun rubuta shi ɗan tawaye, na fadar Biyetnam ma haka. Mutanen tsauni kuwa, Nung da Tay da Zhuang, sai suka gina masa wuraren tunawa. Akwai wanda ake kira Ky Sam kusa da birnin Cao Bang, inda ake taruwa kowace shekara ran goma ga watan farko na kalandarsu ta wata. Suna kuma ba da wani labari da ya dace da mai sana'a irin tawa. Sun ce bayan an ci su da yaƙi, ɗaukar sunan Nong ya zama haɗari, sai wasu suka koma amsa Zhao, sunan gidan sarautar Song ɗin da ta ci su. Wasu kuma suka yi dabara da rubutu. A rubutun Sin, alamar sunan Nong tana da ɓangare biyu, ƙaramin ɓangare a hagu mai nufin mutum, da babba a dama mai nufin noma. Sai suka goge mutumin suka bar noman. Lafazi bai canja ba, amma mai duba kundi ba zai ga dangin ɗan tawaye ba, manomi kawai zai gani.

Duk da wannan tsohon tarihi, Nungawan Biyetnam na yau ana yi musu kallon waɗanda suka zo daga baya, kuma akwai gaskiya a ciki. Yawancin kakanninsu sun gangaro ne daga Guangxi cikin shekara ɗari biyu zuwa ɗari uku da suka wuce, gida-gida, dangi-dangi, suna gudun yunwa da haraji da yaƙe-yaƙe, musamman hargitsin ƙarni na 19, lokacin da tawayen Taiping ya ɓarke a Guangxi ɗin a 1851. Da suka iso sun tarar 'yan'uwansu Tay sun riga sun mallake fadamu masu kyau, da hakimansu da fadar Biyetnam ta amince da su. A da har ana kiran Tay da sunan Tho, ma'anarsa mutanen ƙasa, 'yan ƙasa ke nan a bakinmu. Nungawa sai suka hau gangaren dutse, suna shuka masara a tsakanin duwatsu, wasu suna karɓar aron gona. A ƙasar da sunansu ya yi sarauta shekara ɗari takwas kafin nan, suka wayi gari baƙi.

Abin da suka yi da wannan baƙunta shi ya fi burge ni. Ba su da magatakarda na gwamnati, sai suka mai da sunayen rassansu kundi. Kowane reshe yana amsa sunan gundumar da ya baro a Sin. Nung Chao daga Longzhou suka fito, Nung Inh daga Longying, Nung Phan Slinh daga Wancheng, Nung Loi daga Xialei. Wasu daga cikin waɗannan gundumomi an daɗe da rushe su an haɗe su da wasu, amma suna nan a raye a bakin tsohuwar da ke sayar da ganye a kasuwar Lang Son. A cikin reshe ɗaya ma akan ƙara bambancewa da tufafi, a ce masu ɗankwali mai ɗigo-ɗigo, ko masu gajeriyar riga. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A littafin da nake riƙewa akwai gidan Katsinawa, akwai gidan Gobirawa, akwai Zazzagawa, jikokin fataken goro da suka bi hanyar Gwanja, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin ganuwar Katsina ba. In ka tambayi yaro ɗan gidan wa ne, da sunan garin da bai sani ba zai amsa maka.

Maƙwabtansu suna yi musu laƙabi da masu baƙar riga, saboda shuni. Su ma suna noman baba, su jiƙa ganyen, su haɗa da farar ƙasa, su tsoma zane su fitar su shanya, su sake tsomawa, har sai ya yi duhu ya kusa zama baƙi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane warin. Sai dai a wurinmu rini aikin maza ne a karofi, a wurinsu kuwa aikin mata ne a cikin gida, a tukwane da gangunan katako, tun daga kaɗin auduga har saƙa. Rigarsu ba ta da yawan ado, maɓallanta na zane ne da aka ƙulla, ɗan launi kaɗan a bakin hannu ya ishe su. A yankin da wasu ƙabilu suke sa tufafi masu ɗaukar ido kamar bakan gizo, Banunge yakan fito da duhunsa, a gane shi daga nesa.

Wanda ba shi da fadama dole ya koyi sana'a. A Cao Bang akwai wani yanki mai suna Phuc Sen, na reshen Nung An, wanda ya shahara da ƙira a duk arewacin ƙasar. Tun da asuba ake jin masaba tana sauka a kan uwar maƙera, gida bayan gida, uba da ɗa ko miji da mata suna bugu bi da bi. Wuƙa suke yi, da adda, da lauje, da gatari. Ƙarfen da suka fi so shi ne tsohon sifirin na mota, daidai abin da maƙeranmu suke nema a wurin masu gwangwan. Maƙerin yana gane ƙarfe ya nuna da idonsa, daga launin da ya yi a wuta, kafin ya tsoma bakinsa a ruwa. Ƙauyukan da ke kewaye kowanne ya riƙe tasa: Phia Thap suna yin turaren tsinke, Dia Tren suna yin takarda da ɓawon itace, Lung Ri suna gasa yumɓun rufin ɗaki. Gidajensu kuwa iri biyu ne, na katako a kan ginshiƙai inda da can dabbobi suke kwana a ƙasa, da na ƙasa wanda ake zubawa a tsakanin alluna ana kirɓawa har bango ya yi kauri. A bakin iyaka wasu sukan yi irin wannan gini da 'yan tagogi ƙanana kamar ganuwa, saboda 'yan fashin da suka addabi yankin a da.

Sai wani itace da ya zama dukiyar Lang Son. 'Ya'yansa suna da siffar tauraro mai tsini takwas, in sun bushe su yi ja-ja, da ƙamshi mai ƙarfi, mai yiwuwa wasunku sun gan su a cikin kayan shayi ko kayan miya da ake shigowa da su. Ana tatsar mai daga gare su, Faransawa sun yi cinikinsa sosai a zamaninsu, kuma daga cikinsu ake samun sinadarin da aka riƙa haɗa maganin Tamiflu da shi, wanda duniya ta yi rububinsa lokacin murar tsuntsaye a 2005. Itacen dogo ne siriri, ana hawansa ne a tsinko da hannu, faɗowa kuma tana karya mutane. Yakan ɗauki kusan shekara goma kafin ya ba da amfani na kirki, sa'an nan ya yi ta bayarwa har jikoki. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Amma mutumin da ya dasa itacen da sai bayan shekara goma zai ci moriyarsa, ya riga ya faɗa wa kowa cewa ba da safe zai tashi ba, ko da kundin hukuma bai ce haka ba.

A sha'anin aure akwai abin da ya sa ni murmushi, don sun juya tamu al'adar ne kamar an kifa ƙwarya. Mu amarya takan tare, sai ciki ya tsufa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Su kuwa a al'adarsu ta da, bayan biki amarya komawa gidansu take yi, tana zuwa gidan miji lokacin shuka da girbi da bukukuwa, ba ta tarewa sai haihuwar fari ta gabato. Yanzu wannan ta ja baya ƙwarai. Tun kafin a kai ga biki kuma, sai an karɓo takardar da aka rubuta shekara da wata da rana da sa'ar haihuwar yarinya, a kai wa malaminsu ya auna da ta yaro. In ya ce sun dace, dangin miji su riƙe takardar, riƙe ta kuwa yana nufin yarinya ta shiga lissafin gidansu. Ko a nan ma, takarda ce take mai da baƙuwa 'yar gida.

Mutanen Kinh sun ba da ƙarfi ga taron tunawa da mamaci kowace shekara a ranar da ya rasu. Nungawa da yawa ba su bi wannan ba. Kabari sukan ziyarta ran uku ga watan uku, su share shi, su kai shinkafa mai danƙo da aka rina da ganyaye kala-kala. Babban taron kuwa na mai rai ne. Idan uba ko uwa suka manyanta, 'ya'ya da jikoki da surukai sukan taru ranar haihuwarsu, 'ya'ya mata su zo daga gidajen aurensu da kaya, a yi abin da suke kira ƙara wa rumbu. A ganinsu kowane mutum yana da rumbun abinci a sama, tsufa kuma alama ce ta rumbun ya yi ƙasa, sai kowa ya kawo ɗan awon shinkafa a zuba a wani kwando da aka ajiye da sunan tsohon. Mu mun san ajali a hannun Allah yake, ba ya ƙaruwa da shinkafa, teburin bikin ma da naman alade da giyar shinkafa ba namu ba ne. Amma na sha rubuta sunayen waɗanda suka yanka sa a sadakar arba'in ɗin uban da ba su kai wa ko kwanon tuwo ba yana raye, don haka ba ni da bakin yi wa Nungawa dariya.

Malamin da na ambata ana kiransa Tao. Shi ne mai zaɓen rana, shi ne mai jagorantar jana'iza, kuma shi ne ma'ajin littattafai. Littattafan da rubutun Sin ake yin su, amma tun da daɗewa mutanen tsauni suka lanƙwasa alamomin Sin, suka ƙirƙiro wasu, don su rubuta nasu harshen: waƙoƙi, tatsuniyoyi, salsalar dangi, takardun gona. Ajaminsu ke nan, babu ragi. Yadda malamanmu suka ɗauki baƙaƙen Larabci suka ƙara ɗigo suka rubuta Hausa, irin su Alhaji Umaru na Kete Krachi da ya rasu a 1934, haka su ma suka yi da rubutun babbar maƙwabciyarsu. A 1961 gwamnati ta tsara wa Tay da Nung rubutun boko, makaranta kuma da harshen Biyetnam ake yin ta. Yau masu iya karanta tsohon rubutun sun ragu ainun, yawanci tsofaffi ne da almajiran Tao. Ni ma akwai adaka biyu a hannuna cike da takardun ajami na magabatan zangonmu, wasiƙu da lissafin bashi da sunayen waɗanda suka ba da kuɗin ginin masallaci. A cikin samarinmu masu karatun jami'a, waɗanda za su iya karanta mini shafi ɗaya ba su cika yatsun hannu ba. Gara kuwa ba ta jiran kowa.

Waƙa ta fi rubutu sa'a. Suna da wadda ake kira sli, ta samari da 'yan mata, ba kiɗa, biyu-biyu suke tsayawa a gefen kasuwa, irin kasuwar Ky Lua ta Lang Son, waɗannan su jefa baiti waɗancan su mayar, wani lokaci har dare. Aure da yawa daga nan ya faro, kamar dandalinmu na da. Suna kuma da Then, wadda ta haɗa waƙa da bauta: mai yin ta yana kaɗa wani abin kiɗa mai ƙoƙon duma da dogon wuya kamar gurmi, yana rera labarin tafiyarsa zuwa sama don nemo wa mai gida lafiya ko amfanin gona. An yi zamanin da hukuma take kiran wannan camfi tana hana shi, masu yi suna ɓoye kayansu. A 2019 hukumar UNESCO ta sa Then na Tay da Nung da Thai cikin gadon al'adun duniya, yanzu har a dandamali ake yin ta a gaban baƙi masu ɗaukar hoto. Abu ɗaya ne, alƙalami ne ya sake juyawa.

Iyakar da ta raba su gida biyu da duwatsun alama, Faransawa ne suka shata ta da daular Qing, bayan yaƙin da suka gwabza a 1884 da 1885. A Lang Son ɗin nan sojan Faransa suka ja da baya a watan Maris na 1885, labarin ya kai Faris ya kayar da gwamnatin Jules Ferry. Aka yi yarjejeniya a 1887, aka ƙarasa a 1895, ba a tambayi mai gona ko ɗaya ba. Faransawa sun kuma ƙara dagula sunan. A Hai Ninh, can bakin teku, akwai wasu manoma 'yan asalin Sin masu magana da harsunan Sinawan kudu, waɗanda ba dangin Tai ba ne, su ma aka rubuta su Nung. A 1947 aka ba su yankin cin gashin kai a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Vong A Sang, suka yi wa Faransa soja, a 1954 dubbansu suka yi ƙaura zuwa kudu, daga baya suka zama masu gadin sansanonin sojan Amurka. Saboda haka in ka ji tsohon sojan Amurka yana yabon jarumtar Nung, waɗannan yake nufi.

Nungawan tsauni kuwa suna ɗaya gefen. Da Ho Chi Minh ya komo ƙasarsa a watan Janairu na 1941, bayan shekara 30 a waje, a kogon Pac Bo na Cao Bang ya ɓuya, a tsakanin Nungawa, yana sanye da baƙar rigarsu don kada a gane shi. Su suka ciyar da shi, su suka yi masa jagora. Wani yaronsu, Nong Van Den, wanda aka fi sani da Kim Dong, yana kai saƙonni, aka harbe shi a 1943 yana ɗan shekara 14 ko kusa da haka, yau babban kamfanin buga littattafan yara na ƙasar sunansa yake amsawa. Rundunar farko da Vo Nguyen Giap ya kafa ran 22 ga Disamba 1944, mutum 34 ce, mafi yawansu Tay da Nung. Ministan tsaro na farko a gwamnatin 1945, Chu Van Tan, Banunge ne, ana yi masa kirari da damisar Bac Son. A 1956 aka kafa yankin cin gashin kai na Viet Bac, ya shugabance shi.

Sai zumuncin Sin da Biyetnam ya lalace. A ƙarshen 1975 aka soke yankin cin gashin kan. Ran 17 ga Fabrairu 1979 sojan Sin suka tsallako iyaka, kafin su janye a watan Maris sun bar biranen Lang Son da Cao Bang kango. Gonakin Nungawa ne suka zama fagen fama, aka binne nakiyoyi a hanyoyin da suke bi zuwa biki gidan dangi. Duk mai ɗan'uwa a ƙetare ya zama abin zargi. Chu Van Tan da kansa aka tuɓe shi, aka killace shi bisa zargin yana da alaƙa da Sin, har ya rasu a 1984. Mutumin da ya riƙe tsaron ƙasa ranar da aka haife ta, rana ɗaya aka tuna cewa danginsa suna da reshe a hayi.

Dattawanmu ba sa bukatar a fassara musu wannan. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Ni lokacin ba ni da wayo, amma a littafin da na gada akwai shafuka da aka ja wa gidaje sukutum layi a wata guda, ciki har da na mutanen da a nan aka haifi ubanninsu, wasu ma sun yi wa ƙasar nan soja da ɗan sanda. Abin da ya raba wanda ya zauna da wanda ya hau mota, sau da yawa, 'yar takarda ce.

An daidaita tsakanin ƙasashen biyu a 1991, aka sa hannu a yarjejeniyar iyaka a 1999, aka gama kafa duwatsun alama a ƙarshen 2008. Kasuwanni sun sake buɗewa, manyan motoci suna jerin gwano a mashigin da ake kira Ƙofar Zumunci, dangi suna tsallakawa jana'izar juna da ɗan katin izini. Amma kafin nan yaƙi da ƙarancin gona sun riga sun kori dubun dubatan Nungawa zuwa tsaunukan tsakiyar ƙasar, nisan fiye da kilomita dubu, musamman lardin Dak Lak, inda suka sare daji suka shuka kofi da masoro. Can ma sun tarar da masu wuri, irin su Ede, waɗanda suke yi musu kallon da Tay suka yi wa kakanninsu. Jikokin da aka haifa a can da harshen Biyetnam suke wasa, a takardunsu an rubuta Nung kawai, don fom ɗin ba shi da gurbin reshe. Tsofaffin kuwa sun tafi da littattafan Tao a ƙunshe cikin baƙin zane, sun kafa kasuwar sli a sabon wuri, kuma in baƙo ya tambaye su ko su wane ne, har yanzu cewa suke yi Phan Slinh, mutanen Wancheng.